Tarihin Shehu Alhaji Umaru Futi da Matakan Ɗariƙa: Waƙa da Sharhi

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

1. Da sunan Ilahi na ke fara waƙa,
Salati ga Manzonmu Mai gaskiya.

2. Nufina batun Shehu Ummar na Futa,
Ku saurara ihwan, ku ban zuciya.

Sharhi: Bayan haka, ka sani ya kai ɗan'uwa, Allah Ya datar da mu da kai, dalilin tsara waɗannan baitoci wani abu ne da ya faru a nan unguwarmu ta Briqueterie, cikin birnin Yawunde. Wata rana bayan mun tashi daga wazifa, wani saurayi tela ya biyo ni har ƙofar gida, ya durƙusa ya gaishe ni, sa'an nan ya shaida mini watansa takwas ke nan da karɓar wuridi, yana so in rubuta masa takardar izinin muƙaddami, domin abokinsa da suka karɓa tare ya riga ya samo tasa a wani gari. Na tambaye shi abin da mutum zai yi idan lokacin lazimin safe ya fita bai yi ba, sai ya yi shiru. Na tambaye shi farillan alwala, ya kawo wasu ya bar wasu.

Ban ga laifinsa da yawa ba, domin ni ma ina da nawa. Sa'ad da aka fara ba ni izini ina da sauran ƙuruciya, na riƙa bai wa mutane wuridi da gaggawa don in ga sahu ya cika, ban tsaya na karanta musu sharuɗɗa ɗaya bayan ɗaya ba. Daga cikinsu akwai wanda ya riƙe shekara biyu ya ajiye. Da na je yi masa nasiha, ya nuna mini ba wanda ya gaya masa alkawari ne na har mutuwa. Gaskiya ya faɗa, kuma nauyin wannan yana wuyana har yau. Saboda haka na ga ya kamata in kawo tarihin mutumin da ya hau matakan nan duka, tun daga muridi har halifa, domin mai nema ya ga yadda a ke shiga, mai bayarwa kuma ya ga abin da ya ke bayarwa.

3. A Halwar ya tashi, gidan malamai ne,
Ya sha ilmu tun bai shiga zawiya.

Sharhi: An haifi Shehu Umaru ɗan Sa'idu, Allah Ya yarda da shi, a tsakiyar shekarun 1790 na Miladiyya, a wani gari da a ke ce wa Halwar, kusa da Fodor a bakin kogin Sanagal, cikin ƙasar Futa Toro. Mahaifinsa Cerno Sa'idu malami ne, mahaifiyarsa kuwa sunanta Adama. Danginsu Toronkawa ne, watau mutanen nan ma'abota karatu waɗanda daga cikinsu kakannin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo suka fito suka yo gabas zuwa ƙasar Hausa. A lokacin haihuwarsa mulkin Futa Toro yana hannun malamai tun 1776, shugabansu kuwa Almami a ke ce masa, watau Limami. To, ka ga yaron ya buɗe ido ne a ƙasar da allo da tawada su ke da daraja.

Ya haddace Alƙur'ani, ya karanta fiƙihu a mazhabar Maliku, da nahawu da lugga da tauhidi, yana tafiya daga malami zuwa malami kamar yadda almajiran wancan zamani su ke yi, har tafiya ta kai shi Futa Jalo, a ƙasar Gini ta yau, inda ya zauna yana karatu yana karantarwa.

Abin lura a baitin shi ne jerin da aka yi: ilmi da farko, zawiya daga baya. Wuridi zikiri ne na ƙari da bawa ya ke ɗora wa kansa, salla kuwa farilla ce da Allah Ya ɗora masa. Wanda bai gyara tsarkinsa da sallarsa ba, ya je yana jan carbi, kamar mai yaɓa wa ginin da ba shi da tushe farar ƙasa ne. Don haka duk wanda ya zo neman shiga, a fara da tambayarsa Ahalari da Ishmawi kafin a tambaye shi ko ya iya Salatul Fatihi.

4. Ya karɓa ga Abdulkarimi da sharɗi,
Riƙo ne na rai, ba na kwana ɗaya.

Sharhi: Ka sani Shehu Umaru bai sadu da Shehu Ahmadu Tijjani ido da ido ba. An haifi Shehu Tijjani, Allah Ya yarda da shi, a Ainu Madi a 1737, ɗariƙa ta bayyana a hannunsa a Abu Samgun a shekarar 1196 ta Hijira, ya koma Fas da zama a 1798, ya rasu can a 1815, lokacin Umaru yana saurayi a Yamma. Ta hanyar silsila wuridi ya iso gare shi. Ya karɓa daga Shehu Abdulkarimu ɗan Ahmadu Naƙil, malamin Futa Jalo, shi kuwa daga Sidi Mauludu Fal, shi kuwa daga Sidi Muhammadul Hafiz na Shingiɗi, wanda ya je Fas ya karɓa daga bakin Shehu Tijjani, ya komo da ɗariƙa ƙasar Muritaniya. Mutum uku ke nan tsakaninsu. Wannan ita ce ƙofar shiga ta farko: ba a ɗaukar wuridi daga littafi, ko daga kaset, ko daga wayar hannu. Sai daga bakin wanda ya ke da izini ingantacce, wanda zai iya lissafa maka mutanen silsilarsa har zuwa ga Shehu. Shi ne a ke kira talƙini.

Ƙofa ta biyu ita ce sharuɗɗa, kuma tilas a karanta wa mai nema su ya amsa da bakinsa kafin a ba shi. Manyansu uku ne. Na ɗaya, kada ya haɗa wuridin da wuridin wata ɗariƙa. Na biyu, ya bar ziyarar waliyyan da ba na ɗariƙar ba da nufin neman madadi, rayayyu ko matattu, tare da girmama su duka da kame baki daga aibata ko ɗaya. Na uku, ya riƙe har mutuwa, shi ne ma'anar riƙo na rai a cikin baitin. Bayan su akwai kiyaye salloli biyar a kan lokaci, cikin jam'i idan da hali, da biyayya ga iyaye, da sada zumunci, da rashin amince wa makarun Allah, watau kada mutum ya jingina da falalar ɗariƙa ya saki jiki da saɓo.

Abin da ya ke karɓa kuwa uku ne. Lazimi, safe da yamma: istigfari 100, salatin Annabi 100, hailala 100, kuma idan lokaci ya fita sai an rama. Wazifa, sau ɗaya a yini ta isa, a cikin jama'a idan akwai 'yan'uwa a garin: istigfari 30, Salatul Fatihi 50, hailala 100, Jauharatul Kamali 12, wadda ba a karanta ta sai da alwalar ruwa a wuri mai tsarki, mai taimama kuwa ya musanya ta da Salatul Fatihi 20. Na uku zikirin Juma'a bayan la'asar zuwa faɗuwar rana. Wanda ya amsa waɗannan ya zama muridi. Ba a tambayarsa ƙabilarsa ko sana'arsa, kuma ba a sayar masa da wuridi da kuɗi.

Shehu Umaru ya lazimci Abdulkarimu fiye da shekara, suka ƙulla niyyar aikin Hajji tare, amma ajali ya riski malamin tun ba su bar ƙasashen Yamma ba. Almajiri ya ci gaba da tafiya, yana muridi.

5. A Makka ya sami Muhammadu Gali,
Ya miƙa wuyansa da duk dukiya.

Sharhi: Tafiyar Hajji a wancan zamani ta shekaru ce. Ya ratso ƙasar Hausa, ya yi 'yan watanni a Sakkwato zamanin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, ya ƙetare hamada ta Fezzan zuwa Misira, ya isa Makka a 1828. A nan ya gamu da Sidi Muhammadul Gali, sharifi mutumin Maroko, ɗaya daga manyan sahabban Shehu Tijjani, wanda ya ke zaune a Hijaz yana tsaye da al'amarin ɗariƙa. Sidi Gali ya karɓe shi hannu biyu, ya ba shi littafin Jawahirul Ma'ani, wanda Sidi Aliyu Harazimi ya tara a kan rayuwar Shehu da koyarwarsa.

Duba halin Umaru a wannan lokaci. Mutum ne da ya haura shekara talatin, malami wanda ya riga ya yi almajirai, ya zauna da sarakuna a hanya, yana da iyali da guziri. Duk da haka ya ajiye wannan gefe guda, ya bi Sidi Gali zuwa Madina, ya sallama masa kansa da dukiyarsa, ya yi masa hidima wajen shekara uku, yana karɓar zikirori da asirai kaɗan-kaɗan gwargwadon yadda malamin ya ga ya dace. A cikin shekarun nan ya maimaita Hajji, ya kuma ziyarci Baitul Muƙaddas. Bai tsaya kan cewa ya riga ya karɓi wuridi a Futa ba. Ya sabunta shi a hannun wanda ya ga Shehu da idonsa, abin da mu ke kira tajdidi, silsilarsa ta gajarta ta koma mutum ɗaya tsakaninsa da Shehu.

Sai a ƙarshen wannan zama, a masallacin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, Sidi Gali ya sanar da shi cewa matsayinsa ya wuce na muƙaddaman da a ke naɗawa don ba da wuridi, shi halifa ne daga halifofin Shehu, ya umurce shi da komawa ƙasashen baƙar fata ya yi kira. Shehu Umaru da kansa ya ba da wannan labari a littafinsa. Ya kai saurayi mai wata takwas, lissafa shekarun: karatu tun yarinta, fiye da shekara ga Abdulkarimu, tafiyar ƙasa daga Futa zuwa Makka, shekara uku ta hidima. Kowa ya ci zomo ya ci gudu.

6. Muridi, muƙaddam, halifa a ƙarshe,
Matakan hawa ne, a hau ɗai-ɗaya.

Sharhi: A nan ya kamata mu tsaya mu bambance matakan, domin ruɗani ya yi yawa a kansu. Muridi shi ne wanda ya karɓa don kansa. Ba shi da ikon bai wa kowa, ko matarsa ko ɗansa. Kuma wannan mataki ya ishi mutum har ya koma ga Allah, domin nesa ba kusa ba muridi mai kiyaye lokutansa ya fi muƙaddamin da ya ke barci har hantsi.

Muƙaddami shi ne wanda aka yi wa izini ya ba da wuridi ga mai nema, ya koya masa hukuncinsa, ya kula da jama'ar zawiya. Izinin nan iri biyu ne. Akwai mai iyaka, wanda aka ce ya ba da lazimi da wazifa kaɗai, ko aka ƙayyade masa adadin muƙaddaman da zai iya naɗawa. Akwai kuma iɗlaƙi, watau izini sakakke wanda ba a yi masa iyaka ba. A kan rubuta izinin a takarda tare da silsila, ita ce ijaza. Amma takarda shaida ce kawai. Abin da a ke dubawa kafin a rubuta ta shi ne sanin hukuncin tsarki da salla da wuridi, da riƙon amana, da hankali, da haƙuri da mutane, da tsarkin ido daga abin hannunsu. Shehu Tijjani ya yi wa muƙaddamai wasiyya da yafe wa 'yan'uwa kurakuransu, da sulhunta tsakaninsu, da nisantar kwaɗayin dukiyarsu. Duk wanda aka naɗa ya mai da zawiya rumfar kasuwa, ya ci amanar wanda ya naɗa shi.

Halifa kuwa shi ne mai tsayawa a madadin Shehu a cikin dukan abin da Shehu ya ke bai wa almajirai na zikirori da ilmi da asirai, muƙaddamai kuma suna ƙarƙashinsa. Haka Shehu Umaru ya bayyana. Yau kalmar ta yaɗu har a kan kira magajin kowane malami halifa, wannan kuwa halifancin gida ne, ba laifi a kira shi haka muddin an san bambancin.

Abu ɗaya ya haɗa matakan uku: ba mai hawa da kansa. Na sama shi ke kiran na ƙasa idan ya ga ya isa. Wanda ya zo yana roƙo a naɗa shi, roƙon nan kansa alama ce cewa da saura.

7. Ya zauna da Bello a birni na Shehu,
Zumunci ya ƙullu cikin lafiya.

Sharhi: A kan hanyarsa ta komowa ya biyo ta Misira da Fezzan ya sauka Barno wurin Shehu Muhammadul Aminu Elkanemi. Saɓanin da ke tsakanin Barno da Sakkwato ya dame shi ƙwarai, har ya tsara waƙa da Larabci mai suna Tazkiratul Gafilina, yana tunatar da shugabannin biyu munin rarrabuwar muminai. Ka riƙe wannan a zuciyarka, za mu komo gare shi.

Daga nan ya iso Sakkwato a farkon shekarun 1830, ya zauna wajen shekara bakwai. Sarkin Musulmi Bello ya girmama shi, ya aurar masa da 'yarsa Maryamu, ya riƙa fita da shi yaƙi, har da yaƙin Gawakuke na 1836. A Sakkwato aka haifi ɗansa Ahmadu a wannan shekara, a nan kuma ya wallafa Suyufus Sa'idi. Sakkwato kuwa gidan Ƙadiriyya ne tun daga Shehu Usmanu. Mutanen ɗariƙarmu da yawa sun ruwaito cewa Bello ya karɓi wuridin Tijjaniyya, Waziri Giɗaɗo ɗan Laima da malaman gidan Shehu kuwa sun kore wannan. Abin da ɓangarorin biyu suka haɗu a kai ya ishe mu darasi: halifan Tijjaniyya ya zauna shekaru a gidan Ƙadirawa, suna salla sahu ɗaya, suna auratayya. Sharaɗin kaɗaita da wuridi ɗaya bai taɓa zama izinin raina maƙwabci ba.

A wannan zama mutane suka karɓa daga hannunsa, wasu a bayyane wasu a ɓoye. Daga cikinsu akwai Modibbo Raji ɗan Aliyu, malamin Gwandu, wanda ya daɗe bai bayyana riƙonsa ba saboda halin wuri, sa'an nan daga baya ya bar aikin alƙalanci ya yi ƙaura, ya sauka Yola a shekarun 1850 zamanin Lamiɗo Lawal, ya karantar a can har ya rasu. Bello ya rasu a Wurno a 1837, Shehu Umaru kuwa ya kama hanyar Yamma a 1838 tare da jama'a, cikinsu har da Hausawa.

8. A Jegunko ne yai Rimahu, ku duba,
Cikinsa ya amsa dukan tambaya.

Sharhi: Ya ratsa Masina da Segu, ya isa Futa Jalo wajen 1840, ya kafa zango a Jegunko. A nan ya kammala babban littafinsa, Rimahu Hizbir Rahimi ala Nuhuri Hizbir Rajimi, a shekarar 1261 ta Hijira, daidai da 1845. Fasali 55 ne. Shi ne wanda ku ke gani an buga a gefen Jawahirul Ma'ani a bugun Misira, kuma bayan Jawahiru ba littafin da 'yan ɗariƙa su ke komawa gare shi kamarsa. A cikinsa ya kawo hujjojin buƙatar muridi ga shehi mai tarbiyya, da ladubban almajiri ga malaminsa da na 'yan'uwa a junansu, da sharuɗɗan wuridi, da bambancin halifa da muƙaddami. Ya kuma bayyana cewa gudun duniya a zuciya ya ke, mutum yana iya riƙe dukiya a hannu muddin ba ta shiga ƙirjinsa ba. Wannan magana ta shafe mu ƙwarai mu mazauna unguwar fatake da teloli da mahauta.

Jegunko makaranta ce kafin ta zama wani abu. Samari suka riƙa barin garuruwansu suna zuwa, suna karatu, suna noma, suna fatauci, suna wazifa tare. A kan ɗaukaka mutum a cikinsu gwargwadon ilminsa da hidimarsa, har ɗan talaka ya kan wuce ɗan sarauta. Da jama'a ta yi yawa, masu mulkin Futa Jalo suka fara tsarguwa, sai ya ƙaura zuwa Dingirai wajen 1849, ya gina gari da ganuwa da masallaci.

9. Ya ɗauki takobi ya kai har ga Segu,
A Masina ne al'amar yai wuya.

Sharhi: A 1852 ya fara jihadi da sarkin Tamba. A 1855 ya shiga Nyoro, babban birnin Karta ta Bambarawa. A 1857 ya kewaye ganuwar Faransawa ta Madina a bakin kogin Sanagal wata uku, har gwamnansu Faidherbe ya zo da jiragen ruwa ya kore kewayen. Daga nan ya juya gabas, ya ci Segu a watan Maris na 1861. Almajiran wazifa su ne suka zama jagororin runduna.

Sa'an nan jarrabawa ta zo. Sarkin Segu, Ali, ya gudu ya fake a Masina, daular Musulunci wadda Shehu Ahmadu Lobbo ya kafa, jikansa Ahmadu ɗan Ahmadu yana mulki a Hamdallahi. Mutanen Masina suka ce Ali ya musulunta a hannunsu, yana cikin amanarsu. Shehu Umaru ya ce gumakan da aka samu a Segu sun ƙaryata haka, kuma taimakon kafiri a kan Musulmi ya halatta yaƙar mai yinsa, ya rubuta hujjojinsa a littafin Bayanu ma Waƙa'a. Wasiƙu suka yi ta kai da komowa, sulhu bai yiwu ba. A 1862 ya ci Hamdallahi, aka kashe Ahmadu. A 1863 mutanen Masina suka tashi tare da Kuntawan Tumbutu ƙarƙashin Shehu Ahmadul Bakka'i, jigon Ƙadiriyya, suka kewaye shi watanni a Hamdallahi. Ya fita zuwa duwatsun Degembere kusa da Banjagara, a can rayuwarsa ta ƙare a watan Fabrairu na 1864, cikin Ramadan na 1280.

Ba mu ɓoye wannan fasali ba, domin tarihin da aka cire masa ɗaci ba ya warkar da kowa. Malamai ne a kowane ɓangare, kowa da hujjarsa, sun riga sun isa gaban Mai hukunci, mu kuwa ladabinmu shi ne kame harshe da nema musu rahama. Amma ka tuna mutumin da ya tsara waƙa don sulhunta Bello da Elkanemi, shi ne ƙaddara ta kai ga yaƙi da masu salla bayan shekara talatin, jinin Musulmi ya zuba ta kowane gefe. Idan wannan ya sami halifa, ina ga ni da kai? Duk matakin da mutum ya hau, jarrabawarsa tana hawa tare da shi. Muridi kansa kaɗai za a tambaye shi, muƙaddami kuwa har da waɗanda ya bai wa.

10. Sarauta ta shuɗe, wazifa tana nan,
Ana yin ta har nan kamar dai jiya.

Sharhi: Daular da aka kafa da takobi ba ta kai shekara talatin bayansa ba. Faransawa suka ci Segu a 1890, Nyoro a 1891, Banjagara a 1893. Ɗansa Ahmadu, wanda aka haifa a Sakkwato, ya yi hijira ya komo ƙasar haihuwarsa, ya rasu a can a 1897. Jama'arsa wasu suka yi shahada a Burmi a 1903 tare da Sarkin Musulmi Attahiru, wasu suka zauna a ƙasar Haɗeja, wasu suka wuce Hijaz. Daga cikin waɗanda suka wuce akwai Alfa Hashimu, ɗan ɗan'uwan Shehu Umaru, wanda ya zauna a Madina, alhazan ƙasashenmu suka riƙa sabunta wuridi da karɓar ijaza a hannunsa.

Abin da aka kafa da talƙini kuwa bai rushe ba. A Sanagal silsilar Alhaji Maliku Si na Tiwawan da ta Alhaji Abdullahi Inyas na Kaulaha duka suna ratsawa ta kansa. Ɗan Alhaji Abdullahi shi ne Shehu Ibrahimu Inyas, wanda aka haifa a 1900 ya rasu a 1975, ma'abocin Faila da ta bayyana a 1929, wanda ya sadu da Sarkin Kano Abdullahi Bayero a Hijaz a 1937, ta haka tarbiyya ta yaɗu a ƙasar Hausa. Ta ɓangarenmu kuwa, zaman Modibbo Raji a Yola yana daga ƙofofin farko da ɗariƙa ta shigo Adamawa, lokacin da Garwa da Ngawundare da Tibati da Banyo su ke bin Yola. Ta hanyar Tibati da Yoko fataken Hausa suka gangaro kudu har Yawunde zamanin Jamus, aka tsugunar da su a wannan unguwa a 1936, inda a da a ke gasa tubali, abin da ya ba ta sunanta. Sun zo da ƙunshin haja a ka, da carbi a aljihu. Farin ƙyallen da mu ke shimfiɗawa da yamma gadon wannan doguwar tafiya ne.

11. Ilahi Ka sa mu mu ƙare a kanta,
Ga Allah kaɗai muka yo godiya.

Sharhi: Saurayin nan ban rubuta masa takarda ba. Na ce ya riƙa zuwa bayan sallar asuba da littafinsa na Ahalari, kuma shi zai riƙa share zawiya yana shimfiɗa tabarmi kafin wazifa. Ya ɓata rai kwana biyu, a rana ta uku ya zo. Yana zuwa har yanzu. Ina roƙon 'yan'uwana muƙaddamai, duk wanda ya zo neman wuridi a zaunar da shi, a karanta masa sharuɗɗa da harshen da ya ke ji, Hausa ko Fulatanci ko Faransanci, a bar shi ya je ya kwana da maganar kafin ya amsa. Kada ku yi irin gaggawar da na yi.

Allah Ya jiƙan Shehu Umaru da malamansa da dukan Musulmin da suka kwanta dama a wancan zamani, Ya gafarta mana abin da muka yi kuskure, Ya sa mu cika da imani. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa. Tammat bi hamdillahi.